WAYE BAƘO A YERWA? ABIN DA NA KOYO A KASUWAR SHANU

Tun da wuri ina ba ku haƙuri, rubutun nan yana da tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare, amma don Allah kar a wuce shi, domin akwai laifina a ciki, kuma ina so in faɗe shi a bainar jama'a.

Makon jiya muka zauna taron shirya makon al'adu. Kun san yadda abin yake duk shekara: kowace ƙabila ta kafa rumfa, a ci ado, a jera tukwane, a yi kiɗa, a ɗau hotuna, a watse. Ana cikin rabon rumfuna sai wani ɗan uwa ya kawo shawarar a ware guda ɗaya ga ɗaliban da suka zo daga Chadi da Nijar da Kamaru. Wani ya ce ai biki na 'yan ƙasa ne, kuɗin ma bai ishe mu ba balle baƙi. Daga nan ya juya ya dubi abokina da ke zaune kusa da ni, ya ce masa cikin raha, "Ko kai ma rumfar 'yan Chadin za ka shiga?" Aka fashe da dariya. Abokin nan nawa Shuwa ne. A unguwar Gamboru aka haife shi, a nan aka haifi babansa. Bai ce uffan ba, ya tattara littattafansa ya fita. Ni kuwa da nake taƙamar ina digiri na biyu a tarihi, na yi shiru kamar malam ya ci shirwa. Wallahi har murmushi na yi. Kwana uku abin yana ci na a rai.

Amsar da ya kamata in bayar a wurin ita ce zan bayar yanzu. Rabinta daga littattafai na samo, ɗaya rabin kuma daga Kasuwar Shanu.

Wata huɗu ke nan ina zirga-zirga zuwa kasuwar saboda bincikena a kan cinikin dabbobi a Borno. Ga waɗanda ba su san Maiduguri ba, tana can ɓangaren Gamboru, daf da kwata, ta hanyar da ke fita zuwa Mafa da Dikwa har Gamboru Ngala a kan boda. Ka haye gada daga can ka shiga Fotokol ta Kamaru, ka miƙa zuwa Kusuri, ka tsallake kogi sai ga ka a Njamena. Ku riƙe wannan a ranku: Njamena ta fi Kano kusa da Maiduguri, nesa ba kusa ba. Difa ta Nijar ma haka.

Ranar da na fara zuwa, farar shadda na saka, da littafi da biro a hannu kamar mai karɓar haraji. Kafin in yi taku hamsin ƙura da kashin shanu sun gama da ni. Wani dattijon dillali ya tausaya mini, ya matsa mini a benci, ya sa aka kawo mini shayi. Can sai ya ce, "Malam, me kake gani a gabanka?" Na ce, "Shanu, Baba." Ya yi dariya ya ce, "Kai shanu kake gani, ni garuruwa nake gani." Sai ya shiga nuna mini da sandarsa. Jajayen nan masu duhu da gajeren ƙaho wadara ne, shanun Larabawan Shuwa. Jajaye dogaye masu manyan ƙahoni rahaji ne, na Fulani Bororoji. Fararen nan bunaji. Ga bokolo mai leɓe da ɗan guntun ƙaho, daga ɓangaren Sakkwato. Ya ba ni labarin kuri, shanun Buduma na tsibiran Tafkin Chadi, masu ƙahoni kumburarru kamar tulu, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa, ya ce yanzu sun yi ƙaranci. A ɓangaren tumaki ga balami ga uda. Kowace dabba da mutanenta, kuma duk inda dabba ta shigo, masu ita sun biyo ta da harshensu da abincinsu.

A ciniki guda ɗaya na ƙirga harsuna biyar. Mai shanun Larabcin Chadi yake ji. Yaron da ke kora masa Fillanci yake yi. Dillali yana magana da abokan aikinsa da Barbarci, ya juya wajen mai saye, wani ɗan kasuwa Ibo da zai yi lodin tirela zuwa Kudu, su yi Hausa haɗe da buroka. Aka yi ta "albarka", aka yi ta ƙari, har aka kai ga "na sallama". Da naira aka yanke farashi, mai shanun kuma da sefa yake lissafin ribarsa, ga ɗan canji yana jira a gefe. Tambayar da na yi ta yi wa kaina ita ce: me ya sa mutumin da ya yi kwanaki a hanya da dukiyar gidansu gaba ɗaya zai miƙa ta ga mutanen da ko harshensu ba ya ji?

Amsar kalma ɗaya ce, fatoma. Da Barbarci "fato" gida ne, "ma" kuma mai abu, wato dai maigida ko mai masauki. Baƙo in ya shigo gari da shanu, wajen fatomansa yake sauka. Shi zai ba shi wurin kwana da abinci, ya sama wa dabbobinsa wuri, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta. Shi ne zai tsaya ya shaida cewa shanun ba na sata ba ne. In an ba mai saye bashi, fatoma ne ke tsaya masa, in ya gudu da kuɗin, wuyan fatoma za a riƙe. Abin da yake samu la'ada ce, jarinsa kuma sunansa. Ranar da aka ce ya cuci baƙo, labari zai riga shi isa Njamena, shi ke nan kasuwarsa ta mutu. Dattijon nan ya ce mini akwai gidajen da kakansu ya sauki kakan wani, yau jika ne ke saukar jika.

Mu Hausawa bai kamata a tsaya yi mana dogon bayanin wannan tsari ba, domin da shi muka ci abinci a garuruwan mutane. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan Hausawan wurin. Ya nuna yadda masu gidajen Sabo ke saukar fataken shanu daga Arewa, su tsaya tsakaninsu da mahautan Yarabawa masu ɗaukar shanu bashi. Ka ga igiya ɗaya ce: bakinta na nan a hannun fatoman Yerwa, ɗaya bakin a hannun maigidan Sabo. A can mu ne baƙin.

To bari mu koma baya, tun daga kalmar "kasuwa" ita kanta. Masanin harsuna Joseph Greenberg, a wata maƙala ta 1960, ya kawo hujjojin cewa Hausa ta aro kalmomi masu nauyi daga Barbarci, cikinsu har da kasuwa da rubutu. Sarautun da muke tinƙaho da su a Kano da Katsina da Zazzau, irin su Galadima da Ciroma da Yarima, daga Borno suka zo. Ko a labarin Bayajida da aka koya mana a firamare, sai da ya sauka a Borno ya yi aure kafin ya isa Daura. Hausa ita ma ta ci abincin gidan fatoma.

Gidan sarautar Borno fa? Daular Saifawa a Kanem ta kafu, gabas da tafki, ƙasar da yau take cikin Chadi, da hedikwata a Njimi. Yaƙin Bulala ne ya sa suka ƙauro yamma da tafki wajen ƙarshen ƙarni na 14, daga baya Mai Ali Gaji ya gina Birnin Ngazargamu a ƙarni na 15. A wannan zamani na ƙaura, wajen 1391, Mai Usman ɗan Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa yana ƙarar wasu Larabawa makiyaya da ke kai wa mutanensa hari suna kama su bayi alhali Musulmi ne. Alƙalƙashandi ya adana wasiƙar a littafinsa. Masana suna ɗaukarta cikin shaidu mafi daɗewa na isowar Larabawa yankin Tafkin Chadi. Abu biyu na ɗauka daga ciki. Na farko, Larabawa sun haura shekara 600 a wannan yanki, tun babu wata ƙasa mai suna Nijeriya ko Chadi. Na biyu, da rigima aka fara zaman, daga baya aka koyi zama tare. Zaman lafiya tsakanin ƙabilu abu ne da mutane ke ginawa da hannunsu.

Da mayaƙan jihadi suka ci Ngazargamu a 1808, wanda ya ceto Borno shi ne Shehu Muhammadu Al-Amin Elkanemi. A ina aka haife shi? A Murzuk, ƙasar Fezzan, cikin Libiya ta yau. Mahaifinsa malami ne Kanembu, mahaifiyarsa Balarabiya. Cikin manyan na hannun damansa akwai Larabawan Shuwa, irin su Malam Tirab da Ibrahim Wadaima da Ahmad Gonimi. Shi ya kafa Kukawa a 1814, kuma zuriyarsa ce ke kan gadon sarautar Borno har yau, Allah Ya ja zamanin Shehu. Da Bature Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya isa Kukawa a 1851, ya bayyana babbar kasuwarta da ke ci ranar Litinin: Shuwa da Koyam da hatsi da man shanu, Kanembu da busasshen kifi, mutanen Makari da riguna, Buduma da bulalar fatar dorina. Da na karanta wurin sai na ga kamar abin da na baro da safe a Gamboru yake ba da labari.

Sai Rabe ya zo daga Sudan, ya ci Borno a 1893, ya ƙone Kukawa, ya zauna a Dikwa. Faransawa suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Rundunarsa tarkace ce ta ƙabilu iri-iri da ya kwaso a hanya, kuma da ta watse da yawansu ba su koma ko'ina ba, nan suka yi aure suka hayayyafa. A 1902 Shehu Abubakar Garbai ya baro Dikwa ya dawo ɓangaren da Ingilishi suka riƙe. Bayan zama a Monguno da Kukawa, a 1907 ya tare a sabon gari kusa da barikin Turawa na Mafoni da tsohon ƙauyen Maiduguri, aka kira shi Yerwa. Kar wani ya juya mini magana: ƙasar Barebari ce, akwai ƙauyuka a wurin tun kafin Bature, ba mai musun wannan. Amma birnin da muke gani yau shekarunsa ɗari da 'yan kai ne, kuma kusan duk gidan da ke cikinsa zai iya faɗa maka daga inda kakansa ya taso.

Sunayen unguwanni ma sun isa shaida. A Barbarci, in aka liƙa "ri" a ƙarshen suna, ana nufin wurin mai sunan. Shehuri, wurin Shehu. Hausari, wurin Hausawa, waɗanda Barebari ke kira Afuno. Shuwari, wurin Shuwa. A garuruwan Borno da dama za ka tarar da Fulatari. Unguwar Fezzan ta samo sunanta daga fataken Arewacin Afirka da suka saba ratso Sahara. Bulabulin kuwa ma'anarta sabon gari. Tsarin da na gani a nan shi ne, baƙo ya zo, a yanka masa wuri, a kira wurin da sunan mutanensa, a sa shi ƙarƙashin bulama da lawan, ya biya abin da kowa ke biya.

A nan labarin gidanmu ya shigo. Kafin jirgin sama ya yawaita, Maiduguri babban zango ce a hanyar Makka ta ƙasa. Mahajjata daga ƙasar Hausa da ma yamma da ita sukan huta a nan, su miƙa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, sai Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid, Hartum, har bakin Bahar Maliya su haye zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana tsayawa neman guzuri. Kakana ya baro wani ƙauye a ƙasar Katsina a ƙafa, bayan yaƙin Hitila, da niyyar hajji. Guzuri ya ƙare masa a Hausari. Wani fatoma Babarbare ya ɗauke shi korar shanu, ya ga amanarsa, daga baya ya nema masa aure. Bai ga Ka'aba ba sai da furfura ta cika masa kai, a jirgin sama. A Yerwa aka haifi babana, a Yerwa aka haife ni. Amma duk fom ɗin da ya nemi takardar indijin sai ya tura ni wata ƙaramar hukuma da sau biyu kacal na taɓa taka ta. Kun ga ke nan dariyar da aka yi wa abokina, da an ɗan juya ta kaɗan, a kaina za ta sauka. Shirun da na yi har da tsoro a ciki.

Waɗanda suka wuce kakana a hanya fa? Da yawa sun tsaya a Sudan, suka yi noman auduga a Jazira, suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda ya samo suna daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da ya yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. A can ana kiran su Fallata ko Takari. Kun tuna Yulin 2022, da rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu aka kashe fiye da mutum ɗari, bayan an yi jayayya a kan ko Hausawa na da haƙƙin ƙasa da sarautar gargajiya a wurin? Kun tuna yadda muka cika Facebook da cewa mutanen da suka shekara ɗari a wuri ba baƙi ba ne? Gaskiya muka faɗa. Haka a 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, 'yan Nijeriya da yawa suka baro gidajensu da shagunansu, har da mazauna zango. In ma'aunin nan daidai ne a Sudan da Kumasi, to daidai ne a Gamboru.

Layin dogo ya iso Maiduguri a 1964, shekarar da Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da Tafkin Chadi. A 1967 garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas, a 1975 aka kafa jami'a, a 1976 aka yi Jihar Borno. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya jawo sababbin mutane: ma'aikatan reluwe, malamai, 'yan kasuwa Ibo da Yarabawa, ga Babur-Bura da Margi da mutanen Gwoza da Cibok daga kudancin jihar. Yaƙin basasar Chadi ya ƙaro wasu, musamman daga 1979.

Ita bodar da muke auna ɗan ƙasa da ita, yaushe aka ja ta? Da Turawa suka raba Borno, Dikwa da Bama da Gwoza da Ngala a hannun Jamus suka faɗa. Bayan yaƙin duniya na ɗaya aka ba Ingila riƙonsu. Sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961 sannan suka shigo Nijeriya a hukumance ranar 1 ga Yuni na shekarar. Ma'ana, ranar da aka ɗaga tutar 'yancin kai a 1960, mutumin Bama bai zama ɗan Nijeriya ba tukuna. Da ƙuri'ar ta juya, da yau wasu daga cikin masu dariyar nan su ne za a ware wa rumfar 'yan Kamaru.

Kuma kalmar "ɗan Chadi" ta taɓa zama makami a garin nan. A Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, suka kai shi boda suka tsallakar da shi Chadi, wai ba ɗan Nijeriya ba ne saboda asalin mahaifinsa. Mutumin da jama'a suka zaɓa fa. Babbar kotu a Maiduguri ta yanke hukuncin cewa ɗan ƙasa ne, korarsa haramtacciya ce, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Shekara uku bayan haka, a Janairun 1983, gwamnatin tarayya ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin barin ƙasar, fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, har muka samu sunan jakar nan da kowannenmu ke zuba kaya a ciki in za a dawo makaranta. Abin da ake faɗa da wasa a ɗakin taro, wata rana da shi ake sa hannu a takarda.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa tarihin zaman tare a Yerwa duk zuma ne ba. A Fabrairun 2006 zanga-zanga a kan zanen ɓatancin da aka yi a Denmark ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka ƙona coci-coci da shaguna, aka kashe mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, yawancinsu Kiristoci. Daga 2009 kowa ya san abin da ya biyo baya. Maƙwabta da aka shekara talatin tare suka sayar da gidaje suka tafi. Ita kanta Kasuwar Shanu ta sha wuta: bam ya tashi a wajen kwata a Yunin 2015 ya ci rayuka da dama, aka sake kai hari a Disambar 2016. A Maris na 2016 gwamnatin jiha ta dakatar da ciniki a kasuwannin shanu na Gamboru da Dusuman da Shuwari da Ngom, saboda 'yan ta'adda suna sato shanu su shigo da su ta hannun wasu miyagun masu shiga tsakani. Nama ya yi tsada, mahauta da 'yan lodi da masu sayar da dusa da harawa suka zauna ba aikin yi. Na tambayi dattijon nan yadda suka ji a lokacin. Ya ce, "Ɗana, yunwa ba ta dame ni kamar yadda na ji kunya ba. An wayi gari in na ce na san mutum, ba a yarda."

Don haka ɗan uwan da ya yi maganar baƙi, ban ce damuwarsa ba ta da tushe ba. Boda a buɗe take, makamai sun shigo ta nan, guraben karatu da na aiki sun yi kaɗan, kowa yana kare na bakinsa. Sai dai waɗanda suka addabe mu yawancinsu 'ya'yan cikin gida ne, kuma makiyayin da ya koro shanu daga Kanem shi ma an kashe nasa, an kwashe garkensa. Da kasuwa ta dawo, ai ba da korar baƙi ta dawo ba. An ƙara tsaurara shaida ne: waye ya kawo dabbar, waye ya san shi, waye zai tsaya masa. Aikin fatoma aka koma wa.

Ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Gamboru da Kasuwar Litinin har fadar Shehu, irin wanda ba a gani ba tun 1994. A layinmu, bene ɗaya ne ruwa bai kai samansa ba, na wani mai sayar da kayan gyaran mota ne daga Kudu maso Gabas. Mun kwana biyu a can sama, mu fiye da talatin. Wata tsohuwa Babarbariya tana jan carbi, matar maigidan tana addu'arta a gefe, garin kwaki ɗaya muka jiƙa. Ba wanda ya tambayi wani takardar indijin kafin ya miƙa masa hannu a matakala.

Yanzu mu dawo kan makon al'adunmu. Ku duba abin da za mu jera a rumfar Borno: lafaya, turaren wuta, humra, dilka, danderu, burabusko, hular zanna. Je ka Njamena ko Hartum ka ga mata cikin irin wannan lulluɓi, ka shaƙi humra, ka ga amare suna dilka. Abin da 'yan matan Kano da Kaduna ke kira gyaran jiki na Maiduguri, hanya ɗaya ya bi da shanu da mahajjata, ana kai wa ana kawowa. Muna son kayan, muna yi wa masu kayan dariya. A kasuwa kuwa na ga Bafulatani da Babarbare suna wasan barkwancinsu na gado, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya, su gama su ci tuwo a kwano guda. Wannan wasa ne tsakanin mutanen da kowannensu ya san yana da wurin zama. Wanda aka yi a taronmu, wanda aka yi wa bai yi dariya ba.

Shawarata uku ce, kuma zan kai ta taro na gaba da bakina. A ba 'yan uwanmu na Chadi da Nijar da Kamaru rumfarsu, in kuɗi ne matsala a rage na hayar kujeru da na masu hoto. Kowace rumfa, bayan abinci da rawa, ta samu mutum ɗaya da zai yi minti biyar yana faɗin yadda mutanensa suka zo garin nan da wanda ya sauke su. Sannan ƙungiyoyinmu na jihohi su ɗauki aikin fatoma: duk sabon ɗalibin da ya zo daga nesa, ko daga Difa ko Marwa ko Inugu, a haɗa shi da tsohon ɗalibi ɗaya da zai raka shi rajista, ya nema masa ɗaki, ya nuna masa inda ake cin abinci mai sauƙi, ya tsaya masa in an taɓa shi. Ni na ɗauki biyu a semista mai zuwa, in sha Allahu.

Shekaranjiya na je har gida na ba abokina haƙuri. Mahaifiyarsa ta kawo mana shayi, ta tambaye ni mutanen gida da Hausarta mai gardin Larabci. Shi kuma ya ce ya yafe, amma ba zai dawo kwamitin ba. Ban matsa masa ba.

Wanda ke son ya gani da idonsa, ranar Asabar da sassafe zan koma Kasuwar Shanu, mu haɗu mu tafi tare. A sa tsofaffin takalma, kar a sa farar shadda. Wanda kuma ya san labarin yadda kakansa ya zo garin da suke zaune, ya ba mu mu ji. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da Borno da ƙasarmu lafiya, Ya yafe mana abin da muka yi shiru a kai.